Ɗarikar Dominik a Ƙasar Sakkwato

A cikin ɗarikun Katolika akwai wadda ake kira Ɗarikar Masu Wa'azi, wadda wani limami mutumin Sifen mai suna Dominik ya assasa a Tulus, kudancin Faransa, Paparoma Honoriyus na Uku kuma ya tabbatar da ita a 1216. Kafin zamaninsa, al'adar ruhubanawa ita ce su killace kansu a gidan ibada, su noma abin da za su ci. Shi kuwa Dominik, da ya ga abin da coci ke kira bidi'a ya game wannan yanki, ya kuma lura masu yaɗa ta da zuhudu suka rinjayi talakawa, alhali wakilan Paparoma bisa dawakai suke zuwa da ado da fadawa, sai ya umurci mabiyansa su fita a ƙasa ba guzuri, su yi bara, su yi karatu, su yi wa'azi. Bahaushe ba ya bukatar dogon sharhi a nan, gama almajirin da ya bar gida da allo da ƙoƙo ya san irin wannan zama. Tufarsu farar riga ce mai haɗe da hula, da ɗamarar fata inda ake rataye carbi, sa'an nan baƙar alkyabba a bisa; ba sa aure, ba sa mallakar kome da sunan kansu.

Amma abin da ya fifita su shi ne ilmi. Babban malaminsu, Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushdi cikin fassarar Latin, yana karɓar wani zance yana raddin wani, kuma tun a ƙarninsa suka buɗe makarantun koyon Larabci, ko da yake, gaskiyar magana, mujadala ce manufarsu.

Waɗanda suka zo Nijeriya Amurkawa ne daga lardin Shikago. Sun sauka Yaba ta Ikko a 1951, ba a jima ba aka danƙa musu lardunan Sakkwato da Katsina, suka yi mazauni a Gusau, inda jirgin ƙasa ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, waɗanda su ne akasarin jama'arsu. Edward Lawton ya zama bishop na farko na Sakkwato a 1964, ya rasu a 1966, shekarar da fitina ta kori mutanen gabas daga Arewa, coci-coci suka zama wayam. Wannan musiba ce ta ƙara karkata su, a zamanin magajinsa Michael Dempsey, zuwa ga Maguzawan ƙasar Malumfashi, inda ba a yin wa'azi sai da Hausa.

Cikin Musulmi kuwa wa'azinsu bai yi wani tasiri ba, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello suka cika da littattafai. A ganina, wanda ya fi su fahimtar inda suka sauka shi ne Fada Joseph Kenny, wanda ya zo a 1964, ya tafi ya ƙware a Larabci, ya rubuta kundin digirinsa na dakta a Edinbara a kan aƙidar Shehu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahina, littafin tauhidin da malamanmu ke biyawa a zaure tun kaka da kakanni. Ya shekara fiye da ashirin yana karantar da ilmin addinai a Jami'ar Badun, Musulmi da Kirista a aji ɗaya, ya rasu a 2013.