Yadda Labarin Zane Ya Shigo Damagaram

Labarin zane shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana da hannu a cikin ƙananan akwatuna, ɗaya na bin ɗaya, a kuma rubuta maganar kowane mutum a cikin wata 'yar da'ira da ke fitowa daga bakinsa, ta yadda mai karatu zai bi labarin da ido kafin ya bi shi da harafi. Fasahar ta yi ƙarfi ne a jaridun Turai da Amurka tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma 'yan boko na Nijar suna kiranta "bede", wato haruffa biyu na farkon sunanta na Faransanci. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna ƙofar da ta bi ta shigo Damagaram, domin ta zo ne a matsayin baƙuwa mai jin Faransanci, har yau kuwa ba ta gama koyon harshen masu masaukinta ba.

Ba a rasa masu zane a Damagaram ba kafin zuwan Turawa. Duk wanda ya ratsa lungunan Birni, tsohon garin da Sarki Tanimun ya ƙarfafa ganuwarsa a ƙarni na 19, ko ya shiga Zango, unguwar fatake da masu ayari, zai ga fuskokin zauruka da magina suka ƙawata da dagi da takubba da sarƙaƙƙun layuka, waɗanda ake tayar da su da laka tun tana ɗanya sannan a bi su da launi. Dukawa suna yin irin wannan ado a kan fata, masu zayyana kuma suna yi a kan allon ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani. Sai dai wannan zane na ado ne, ba ya ba da labari, kuma yana kauce wa surar abu mai rai saboda matsayin da malamai suka ɗauka a kanta. Labari kuwa yana bakin tsofaffi masu tatsuniya da maroƙan fada da 'yan kama. Sana'o'i biyu ne da suka zauna a gari ɗaya, kowace da gidanta da magadanta, ba tare da wani ya yi tunanin haɗa su a kan takarda ɗaya ba.

Sojojin Faransa sun shiga Zinder, wato Damagaram, a ƙarshen watan Yuli na 1899, bayan yaƙin Tirmini, garin kuma ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, ita ce ta kawo littafi mai hoto, amma labarin zane bai yaɗu sosai ba sai bayan samun 'yancin kai a 1960, sa'ad da ƙananan littattafan aljihu masu arha suka cika biranen Afirka masu amfani da Faransanci. Jarumansu su ne irin su Akim da Zembla da Blek. Biyun farko an gina su ne a kan siffar Tarzan, wato Bature mai ƙarfi da ke sarautar kurmi yana magana da birai da zakuna, kuma yaron Damagaram da ya girma tsakanin duwatsu da rairayi da gawo ya ga wata Afirka da ba ta yi kama da ƙofar gidansu ba ko kaɗan. Mujallar Kouakou, wadda aka fara bugawa a Faris a 1966 ana rarraba ta a makarantu da tallafin gwamnatin Faransa, ta ɗan gyara lamarin da yake jaruminta yaro ne baƙar fata, sannan Calao ta biyo baya a 1974 domin matasa. Kwafi ɗaya yakan zaga aji gaba ɗaya, daga ƙarƙashin wannan tebur zuwa wancan, har bangonsa ya cire a ɗinke shi da zare, idan kuma ya iso gida sai ƙannen da ba su iya Faransanci ba su kewaye shi, suna bin hotuna da yatsa, babban wa yana mayar musu da maganar cikin Hausa. Ta wannan hanya ta baka ce kawai Hausa ta fara shiga cikin akwatunan zane.

Abin lura shi ne, a daidai wannan zamani Zinder na cikin garuruwan da suka fi ɗaukaka Hausa a Nijar. A nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, a nan kuma wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin ya yi tashe, wanda sunan Yazi Dogo ya yi fice a cikinsa. André Salifou, ɗan garin da jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa a yau, ya rubuta tarihin masarautar Damagaram a 1971, ya kuma mayar da rayuwar Tanimun wasan kwaikwayo. Hatta zane mai motsi, wanda ɗan'uwa ne na jini ga labarin zane, ya sami gwani a ƙasar, wato Mustafa Alasan, wanda ya fito da fim ɗinsa na kwaɗi mai suna Bon Voyage Sim a 1966, yana zolayar shagulgulan shugabanni. Hazaƙa ta tafi ga dandali da rediyo da majigi ne domin su ba sa tambayar mai kallo wane rubutu ya iya, alhali masu karatu a Damagaram sun kasu uku, masu ajami da masu Hausar boko da masu Faransanci, ga tsadar takarda da nisan maɗaba'a. Da littattafan soyayya na Kano suka fara tsallako iyaka daga shekarun 1980, kaset-kaset na fim suka biyo su a shekarun 1990, sai suka cike gurbin da labarin zane na Hausa zai iya shiga.

Buɗe fagen siyasa ya kawo jaridu masu zaman kansu, Haske ce ta fara a 1990, tare da su kuma zanen barkwanci na siyasa ya sami wuri, ko da yake kusan duka a Yamai ake yinsa. Abin da ya fi isowa karkarar Damagaram shi ne ƙasidun ƙungiyoyin agaji masu wayar da kai a kan riga-kafi da tsabta da cutar sida, wasunsu da Hausa. Sun yi amfani, sun kuma ciyar da masu zane, amma sun saba wa jama'a da ɗaukar labarin zane a matsayin abin da ake rabawa kyauta a asibiti, wanda ba a sa kuɗi a saya, kuma wannan babbar illa ce ga duk mai son rayuwa da alƙalaminsa.

Tarihin yankin kansa ya shiga labarin zane ne daga waje. A 2013 da 2014 Christophe Dabitch da Nicolas Dumontheuil suka fitar da La Colonne a Faransa cikin juzu'i biyu, a kan ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, waɗanda suka sauya wa suna zuwa Boulet da Lemoine. Wannan ayari ne ya yi arangama da Sarauniya Mangu a Lugu, ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ragowarsa kuma ita ce ta ci Zinder ta kori Sarki Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898. Littafin ya cancanci karatu domin bai rufa wa mulkin mallaka asiri ba, amma da Faransanci yake, ayarin kuma shi ne tsakiyar labarinsa, mutanen ƙasa suna gefen hanyarsa.

Ranar 16 ga Janairu 2015, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da jaridar Charlie Hebdo ta buga, an rasa rayuka a Zinder, an ƙona majami'u, wuta kuma ta ci ɗakin karatu na cibiyar al'adun Faransa da Nijar, inda yaran garin da dama suka fara buɗe labaran zane irin su Tintin da Asterix. Fushin jama'a a kan ɓatancin abu ne da kowane Musulmi ya fahimta, asarar rayuka da littattafai kuwa ta faɗa ne a kan mutanen garin da ba su zana komai ba, kalmar "zane" kuma ta ƙara nauyi a kunnen iyaye. A watan Oktoba na 2024 hukumomin Nijar suka sauya wa uwar cibiyar da ke Yamai suna, daga Jean Rouch zuwa Mustafa Alasan. Matasan Zinder masu sha'awar wannan fasaha a yau galibi a wayar hannu suke samunta, yawancinta ta Japan ce da ake kira manga, wadda ake karanta shafinta daga dama zuwa hagu kamar yadda almajiri ke karanta allonsa.