Ranar Uwa da dandalin ɗalibai: daga ina abin ya faro?

Idan watan Mayu ya kama, makarantun Katolika da dama kan haɗa biki guda: a karrama iyaye mata, ɗalibai kuma su hau dandali da waƙa da wasan kwaikwayo. Jama'a, abin nan fa tushensa biyu ne.

Na farko, Ranar Uwa. Anna Jarvis ce ta fara ta a 1908, a wani cocin Methodist da ke Grafton a Amurka, don tunawa da mahaifiyarta. A 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya ayyana Lahadi ta biyu a watan Mayu a matsayin ranar iyaye mata. Su kuwa Katolika dama sun keɓe Mayu ga Maryamu, mahaifiyar Yesu, sai abin ya zo musu daidai.

Na biyu, dandali. Limaman Jesuit sun buɗe makaranta a Messina, Italiya, a 1548, daga baya makarantunsu suka riƙi wasan kwaikwayo don yaro ya iya tsayawa gaban jama'a ya yi magana. Corneille da Molière, manyan marubutan wasan kwaikwayo na Faransa, a hannunsu suka yi karatu.

Anna Jarvis ta ƙare rayuwarta tana yaƙar 'yan kasuwar kati da fure da suka mamaye ranar. Ita so take ɗa ya rubuta wa uwarsa wasiƙa da hannunsa. Yarinyar da ta yi makonni tana bitar waƙa saboda mamanta ta fi kusa da wannan manufa.

Makarantunmu da suka yi watsi da dandali saboda WAEC, don Allah a sake tunani.