Kwamitin Kefauver da Sha'anin Caca a Amurka, 1950–1951



Wanda duk zai yi nazarin tarihin caca a Amurka, wajibi ne ya fara sanin cewa ikon halatta ta ko haramta ta yana hannun jihohi ne. Gwamnatin tarayya ba ta da ta cewa, sai fa in harkar ta ƙetare iyakar wata jiha zuwa wata. To, ta wannan kafa ce Majalisar Dattawa ta shiga maganar a watan Mayu 1950, sa'ad da ta kafa kwamitin mutum biyar a ƙarƙashin Sanata Estes Kefauver na jihar Tennessee, don ya binciki miyagun ƙungiyoyi masu harka tsakanin jihohi. Kafa shi ma bai zo da sauƙi ba, domin ƙuri'u sun yi kunnen doki, sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alben Barkley, ya raba gardama.

Kwamitin ya zauna a birane 14, ya saurari shaidu fiye da 600. Abin da ya tono kuwa shi ne, caca ita ce babbar rijiyar da waɗannan ƙungiyoyi ke ɗibar kuɗi, musamman cacar sukuwar dawaki, wadda ta dogara ga wayar da ke kai sakamakon tsere gari-gari cikin hanzari. Da kuɗin nan ake toshe bakin 'yan sanda da 'yan siyasa.

Amma abin da ya ɗaukaka sunan kwamitin shi ne talabijin. A zaman New York na watan Maris 1951, an ƙiyasta mutum miliyan 30 suka kalla. Da aka kira Frank Costello, uban 'yan caca na birnin, sai lauyansa ya ƙi yarda a nuna fuskarsa. Masu ɗaukar hoto suka karkata ga hannuwansa, jama'a suka yi ta kallon yatsu suna murɗe-murɗe, alhali mai su yana kauce wa tambaya. A ganina, da ya bari an nuna fuskar da ya fi masa rufin asiri. Daga baya an ɗaure shi bisa laifin raina Majalisa.

Ta fuskar doka, amfanin da aka girba bai kai yawan hayaniyar ba. A 1951 Majalisa ta ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin caca, ta kuma wajabta wa mai karɓar caca ya yi rajista, ya sayi kan sarki na dala 50 kowace shekara. Ku lura da tarkon: in ya yi rajista ya tona kansa ga jihar da ta haramta sana'arsa, in ya ƙi ya karya dokar tarayya. Kotun Ƙoli ta amince da wannan a 1953, sa'an nan a 1968 ta sake shawara, ta ce ba a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa.

Wadda ta ci riba ita ce Nevada, inda aka halatta caca tun 1931. Yini guda kacal kwamitin ya yi a Las Vegas, ran 15 ga Nuwamba 1950. Da aka rurrufe gidajen caca a sauran jihohi, sai masu su da yawa suka kwashe jarinsu suka nufi can, har jihar ta ga tilas ta kafa hukumar sa ido ta kanta a 1955.