Buɗin Daji da Wutar Beltane: Abin da Kyamarar Baƙo Take Kamawa da Abin da Yake Kuɓuce Mata

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Tun da na'urar ɗaukar hoto ta shigo hannun matafiya, wannan karin magana ya ƙara samun gindin zama, har ta kai ana ɗaukar hoton biki tamkar shi ne bikin. Sai dai tarihin wasu bukukuwa biyu, ɗaya a tsibiran Ailan da Sikotilan, ɗaya kuma a karkarar Maradi, yana nuna cewa akwai wuraren da gani ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da ji.

A daren 30 ga watan Afrilu na kowace shekara, dubban mutane kan hau tudun Calton a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan domin kallon bikin wuta da ake kira Beltane. Da yawansu baƙi ne, wasu sun taho su kaɗai daga ƙasashe masu nisa, ba su da abokin tafiya sai kyamara. Sukan sayi tikiti, su ɗauki hotunan masu rawa da suka shafe jiki da jan launi da fari, su koma gida da yaƙinin cewa sun ga al'adar mutanen Kelt ta dauri. Alhali kuwa wannan biki na tudun Calton an fara shi ne a shekarar 1988, lokacin da wasu mawaƙa da masana suka farfaɗo da shi daga abin da suka tarar a rubuce.

Asalin Beltane bikin makiyaya ne da manoma, ana yin sa ranar 1 ga watan Mayu, lokacin da sanyi ya janye, ciyawa ta tsiro, aka shirya kai dabbobi makiyayar da za su shafe watannin ɗumi. Wani tsohon ƙamus na harshen Ailan, wanda ake dangantawa da Cormac, sarkin da ya rasu a 908, ya ambaci yadda ake hura wuta biyu a kora shanu ta tsakaninsu don neman tsari daga cututtukan shekara. A 1769 wani matafiyi mai suna Thomas Pennant ya ratsa Sikotilan, ya kuma rubuta yadda makiyaya suke toya wainar hatsi mai ƙulli tara, suna gutsura suna jefawa ta bayan kafaɗa, wani rabo na abin da suke ganin yana kare garke, wani na dila da hankaka da gaggafa don su ƙyale ƴan raguna. Ke nan bikin aiki yake yi: yana buɗe makiyaya, yana tsayar da ranar ƙaura, yana kuma ɗaure jama'a a kan magana ɗaya. Da aka kori ƙananan manoma daga tsaunukan Sikotilan don kiwon tumakin masu ƙasa, yunwar 1845 zuwa 1852 kuma ta ɗaiɗaita karkarar Ailan, sai aikin ya ragu, wutar ta yi ta mutuwa ƙauye bayan ƙauye. Abin da ya cece ta daga mantuwa shi ne rubutun waɗanda suka tsaya suka yi tambaya.

Wanda ya san karkarar Tasawa da Mayahi ba zai ji wannan labari baƙo ba. Gundumar Cake, wadda takardun hukuma suke rubutawa Tchaké, tana cikin wannan yanki na tudun rairayi da gero, ƙasar da kwarin Gulbin Kaba ya ratsa da itatuwansa na goruba. A nan ma shekarar manomi ba ta bin kalandar ofis. Tana da nata lissafi, wanda ake soma ƙirgawa bayan kaka, har a kai watan bakwai, lokacin da ake zuba ido ga gabas ana jiran ruwan shuka. Watan bakwai kuwa yakan faɗo kusan daidai da lokacin da mutanen Ailan suke hura wutarsu.

A ƙasashen Katsinar Maradi da Gobir da Tasawa, masu riƙe da wannan lissafi su ne Anna, waɗanda a wasu wurare ake kira Azna, wato Hausawan da suka ci gaba da bin al'adun kakanni. Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, sarakunan Katsina da na Gobir da suka ƙi miƙa wuya sun kafa sababbin birane a arewa, irin su Maradi da Tibiri, suka kuma zauna da Anna bisa wata fahimta: sarauta ta birni ce, amma sha'anin ƙasa da daji yana hannun waɗanda suka gaje shi. Kowace zuriya tana da gadonta, wasu noma, wasu farauta, wasu ƙira, wasu su, kowane gado kuma da shugabansa.

Daga cikin manyan bukukuwan wannan tsari akwai buɗin daji, wanda ake yi da rani, kafin zuwan watan bakwai. Shugabannin gado sukan taru, a yi yanka ga iskokin da suka yi imani su ne masu dajin, a yi duba kan yadda damina mai zuwa za ta kasance, sannan a ba mahalba izinin fita farauta. Ko mutum bai yarda da aƙidar da ke ƙarƙashin bikin ba, zai ga aikin da yake yi wa jama'a. Dajin da ake buɗewa daji ne da aka rufe, ma'ana akwai watannin da namun daji suke samun sarari. Akwai kuma ranar da kowa ya san maganar shekara za ta fito daga bakin dattawa, ta yadda mai rumbu zai san ko ya ɗaure bakin rumbunsa. Takwaransa a fagen noma shi ne bikin dubu, inda manomin da ya tara dami dubu yakan raba dukiyarsa ga jama'a kafin a kira shi sarkin noma.

Baƙin da suka ratsa wannan ƙasa sun zo da kayan aiki iri-iri. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 bayan ya rabu da abokan tafiyarsa, ba shi da komai na ɗaukar hoto sai alƙalami da takardar zane, amma yana jin Hausa, shi ya sa har yau ake komawa ga littafinsa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta zo da bindiga, ta bar ƙonannun garuruwa a bayanta, kafin nata sojojin su kashe jagororin biyu a watan Yuli kusa da Maijirgi. Tawagar Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, ta zo da tafinta Landeroin, wanda ya zauna da fadawa ya rubuta tarihin sarautun yankin. Duk waɗannan sun fi sanin fada da kasuwa. Dajin da masu shi sun daɗe ba su shiga takarda ba.

Sai a tsakiyar ƙarni na ashirin aka samu masu zama a ƙauye su yi shekaru. Guy Nicolas ya yi dogon bincike a kwarin Maradi, ya rubuta a kan dubu da kan tsarin gado na Anna, babban littafinsa ya fito a 1975. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta wallafa nata a kan bori a 1972. Abin lura shi ne, yawancin abin da aka sani a rubuce game da ma'anar buɗin daji ya fito ne daga irin wannan zama da sauraro, kuma da Faransanci yake, harshen da jikokin masu bikin da dama ba sa karantawa.

A ɓangaren kyamara, babu sunan da ya kai na Jean Rouch a Nijar. Ya zo ƙasar a 1941 a matsayin injiniya, ya bi kogin Kwara cikin kwalekwale a 1946 da 1947 da ƙaramar kyamara a hannu, ya kuma rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004. Akwai darasi a abin da ya same shi a Ayoru, lokacin da ya koma ya nuna wa masunta fim ɗin da ya ɗauka na farautar dorina. Ya sa kiɗa a kan hotunan don ƙara armashi, sai masuntan suka ce ya yi kuskure, domin a wurinsu kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, farautarta kuwa a shiru ake yi. Idonsa ya ga komai, amma sai da ya ji daga bakin masu abin kafin ya gane abin da ya gani. Daga nan ya riƙi al'adar mayar da fim ga waɗanda aka ɗauka, kuma bai taɓa zama matafiyi shi kaɗai da gaske ba, domin Damure Zika da sauran abokansa ƴan ƙasa suna tare da shi.

Abin da ya rage ƙarfin buɗin daji ya yi kama da abin da ya kashe wutar Beltane. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka haɗe da juna, dajin da za a rufe a buɗe ya ƙanƙance. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun ƙarar da dabbobi, sun tura matasa cin rani. Ilmin addinin Musulunci ya bazu a ƙauyuka, gidaje da yawa suka bar yankan gado bisa zaɓin kansu. Sassaben zamani da manoman Maradi suka runguma tun shekarun 1980 ya dawo da itatuwa cikin gonaki, amma itacen gona yana da mai shi, ba kamar dajin da ba na kowa ba. A Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, taron duban shekara na Azna ya yi suna har yakan jawo ƴan kallo da ƴan jarida, wanda hakan yake nuna hanyar da irin wannan biki kan bi: yana raguwa a matsayin aiki, yana ƙaruwa a matsayin abin kallo.

A nan ne maganar ta shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu. Yanzu kyamara ta bar hannun baƙo, tana aljihun kusan kowane saurayi cikin wayar salula, don haka hoto ba zai yi ƙaranci ba. Abin da yake ƙarewa shi ne bayanin: yadda ake ƙirga watanni har a kai na bakwai, sunayen zuriyoyi da gadon kowacce, wuraren da ake taruwa, dokokin farauta da na rabon nama, alamomin iska da tsuntsaye da itatuwa da dattawa suke karanta damina da su. Rubuta waɗannan ba komawa ga bautar iskoki ba ne, kamar yadda limaman coci na Sikotilan da suka rubuta labarin Beltane a ƙarni na sha takwas ba su bar addininsu ba. Tarihi ne na yadda kakanni suka zauna da ƙasa mai ƙarancin ruwa. Malami a Cake ko Mayahi ko Tasawa yana da abin da Barth da Rouch ba su samu ba: harshen nasa ne, tsofaffin kuma kakannin ɗalibansa ne. Yana iya tura ɗalibi ya zauna gaban kakansa da rikoda, a rubuta abin da aka ji da Hausa, a ajiye kwafi a makaranta, a aika wani zuwa cibiyoyin Yamai irin su IRSH da CELHTO, waɗanda aikinsu ke nan.

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, yakan kwana ya tashi da hantsi. Mutanen Edinbara sun iya sake hura wutarsu a 1988 ne saboda an samu waɗanda suka rubuta dalilin wainar mai ƙulli tara tun masu toya ta suna raye. Dattawan da suka halarci buɗin daji kafin farin 1973 a yau sun haura shekara sittin, kuma kowace damina tana tafiya da wasu daga cikinsu.