Yadda Aka Gano Jijiyoyi Ke Buɗe Ƙofar Ɓargo

A 1961, a Toronto, James Till da Ernest McCulloch suka nuna cewa a cikin ɓargo akwai iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda sauran ƙwayoyin ke fitowa daga gare su. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 likitoci sun gano cewa allurar G-CSF na koro waɗannan ƙwayoyi zuwa cikin jini, sai a tace su a yi dashe, ba sai an huda ƙashin kwatangwalo ba. Allurar na aiki, amma an daɗe ana muhawara kan yadda take yinsa.

An san akwai jijiyoyin saƙo a cikin ƙashi, ba a dai ɗauke su da muhimmanci ba. Hankali ya fi karkata ga CXCL12, furotin da ke riƙe ƙwayoyin a mazauninsu kamar turke.

Paul Frenette, a asibitin Mount Sinai na New York, wata hanya daban ya biyo. Shi da Yoshio Katayama suna zargin wani nau'in maiƙo ne ke sakin ƙwayoyin, sai suka yi wa ɓerayen da ba sa iya haɗa maiƙon allurar G-CSF. Ƙwayoyin suka ƙi fita. Da aka zurfafa bincike, ashe maiƙon na cikin kuben da ke lulluɓe jijiya, saƙo ne ba ya wucewa yadda ya kamata. Suka lalata jijiyoyin da ke sakin noradirenalin, sinadarin razana, a ɓeraye masu lafiya, fitar ta ragu ƙwarai. Aka buga sakamakon a 2006. A ganina darajar aikin tana nan: ba su nace wa zatonsu na farko ba.

A 2008 Simón Méndez-Ferrer, a ɗakin binciken Frenette, ya nuna fitar tana da lokaci. A ɓera ta fi yawa kamar awa 5 bayan fitowar haske, sa'ad da noradirenalin ke taɓa makarɓar beta-3 a ƙwayoyin da ke kewaye, CXCL12 ya ragu. A mutum, mai barcin dare, sai da yamma.

Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa G-CSF ke yawan gazawa a masu ciwon suga, waɗanda cutar ta taɓa musu jijiyoyi. Masu sikila kuwa, da muke da su birjik, allurar na iya tayar musu da mummunan ciwo, don haka plerixafor ake ba su, maganin da ke toshe makarɓar CXCL12 kai tsaye.