Majalisar Taɗi ta Bauchi: Yadda Sa'adu Zungur Ya Reni Aminu Kano

A ƙasar Hausa iri biyu ne na mutumin da ke ɗaga yaro. Akwai ubangida, wanda zai sama maka aiki ya kuma sa ran za ka riƙa zuwa gaisuwa. Akwai kuma malami, wanda ba shi da kujerar da zai ba ka, sai dai ya buɗe maka ido. A ganina Malam Sa'adu Zungur na cikin iri na biyu, kuma abin da ya faru tsakaninsa da Malam Aminu Kano a Bauchi ya isa shaida.

A 1942 aka turo Malam Aminu koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, yana saurayi ɗan shekara 22, bai daɗe da gama Kwalejin Kaduna ba. A makarantar nan ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A cikin gari kuma ya haɗu da Malam Sa'adu, ɗan gidan malamai, wanda ya sha Alƙur'ani da fiƙihu tun yana yaro, ya yi Kwalejin Katsina, sa'an nan ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar Kwalejin Yaba a Ikko. Ya koyar a Zariya kafin rashin lafiya ta komo da shi gida.

To, a 1943 aka kafa wata majalisar taɗi a Bauchi, da yardar Turawan mulki, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e ke zama su yi muhawara. Turawa sun ɗauka hira ce kawai ta 'yan boko. Ashe ba su san wanda suka ba dama ba! Malam Sa'adu ba ya kawo magana sai da hujja, ya jawo aya ya jawo hadisi, ya juya ya kawo dokar Bature da kansa. Wannan ita ce dabarar da Malam Aminu ya koya, wato kada ka soki zalunci da zafin rai kurum, ka soke shi da littafin da azzalumin ya ce ya yarda da shi. Da taɗin ya kai ga tsarin mulkin En'e da albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya wuce wasa, majalisar ta watse.

Abin lura a nan, zama ɗaya ne ya fitar da mutum biyu masu hanya dabam. Malam Abubakar ya bi a hankali har ya zama Firayim Minista a 1957. Malam Aminu kuwa, bayan ya dawo daga karatu a Ingila, ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kai shi Maru, ya ajiye aikin gwamnati a 1950, shekarar da aka kafa NEPU a Kano. A 1953 ya zama shugabanta. Duk wanda ya san darajar albashi a wancan zamani ya san ba ƙaramin abu ya bari ba. Malam Sa'adu ya rasu a 1958, bai ga 'yancin kai ba, bai kuma bar wa almajirinsa ko sisi ba.

Sai dai kada mu ɗauka reno kullum lafiya yake ƙarewa. Malam Aminu shi ma ya tara matasa, zaurensa a Gwammaja bai rabu da talakawa da ɗalibai ba. A zaɓen 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Ba a yi nisa ba jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnonin nan suka ja daga da Malam. Wasu sun kira abin butulci. Ni kuwa ina ganin wanda ya koya wa yaro tambayar sarki dalili, wata rana shi ma za a tambaye shi.

Malam Aminu ya riƙe kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, na sadarwa sa'an nan na lafiya, amma da ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, a ɗan gidan nan nasa na Gwammaja aka binne shi. Gidan ne yanzu ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero.