Hoto a shafin intanet: yadda ake sa shi da abin yi idan ya ƙi fitowa

Jama'ar Korahane da kewaye, da ƴan uwanmu da ke Dakoro, Maradi, Agadez, Kano, Libiya, Aljeriya da sauran wuraren neman abinci, akwai ƙorafin da muke yawan samu daga gare ku: an buɗe labari, rubutu ya fito, amma wurin hoto fayau, sai ɗan akwati da alamar tsagewa. A labarin taro abin da sauƙi. Amma in cigiyar bijimi ce ko raƙumi, hoton shi ne rabin sanarwar, don a nan ake ganin launi da ƙaho da shaidar kunne. In bai fito ba, mai dabba ya yi asarar kwanaki, kuma kun san dabbar da ta ɓace ba ta jiran kowa. Shi ya sa muka tattara wanga bayani wuri guda, domin matasan da ke taya mu aikin shafi da ku masu aiko mana hotuna.

Yadda hoto ke zuwa cikin shafi

Abu na farko da ya kamata a sani: hoton ba a jikin shafin yake ba. Yana ajiye a wata babbar kwamfuta da ke kunne dare da rana, mu kira ta rumbu. Abin da ke cikin shafin kwatance ne kawai, mai gaya wa wayarka inda za ta je ta ɗauko. A harshen HTML da ake gina shafuka da shi, ana rubuta kwatancen kamar haka:

<img src="https://sunan-shafi.ne/wp-content/uploads/2024/06/farin-bijimi.jpg" alt="Farin bijimi mai tsagar kunnen dama">

Kalmar img tana nufin nan wurin hoto ne. Abin da ke bayan src shi ne adireshin. Abin da ke bayan alt kuma ɗan bayani ne da kan fito idan hoton ya ƙi zuwa, kuma shi manhajar makafi ke karanta musu. Wancan .ne alamar shafukan Nijar ce, kamar yadda .ng take ta Najeriya.

Saboda haka duk ranar da hoto ya ɓace, ɗayan uku ne: ko kwatancen da kuskure, ko hoton ya bar inda yake, ko an tare hanya tsakanin rumbun da wayar mai karatu.

Mi ake nufi da zubin shafi

Yawancin ƙananan shafukan labarai ba a rubuta su da hannu layi bayan layi. Ana amfani da manhajar sarrafa shafi, wadda ta fi shahara ita ce WordPress, da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara fitarwa a 2003. Akwai kuma Joomla da Drupal da Blogger. A cikinsu akwai abin da muke kira zubi. Ku ɗauke shi kamar akwatin buga bulo: siffa ɗaya ce, ƙasar da ake zubawa ce ke sakewa. Zubin ya riga ya ware gurbin kanun labari, gurbin babban hoto da gurbin rubutu. Ma'aikaci cikewa kawai yake yi.

Hotuna iri uku ne a shafi. Akwai na zubin kansa, kamar tambarin gidan rediyo da ke sama. Akwai babban hoton labari, wanda a WordPress na Faransanci ake kira Image mise en avant. Akwai kuma waɗanda ake sakawa a tsakiyar rubutu. Sanin wane iri ne ya ɓace yana rage wahalar nema.

Yadda ake sa hoto daidai

1. A rage girmansa tun kafin a ɗora. Hoton waya kan kai mega 3 zuwa 5. In aka mayar da faɗinsa ɗigo 1200, sau da yawa yakan sauko ƙasa da rubu'in mega, kuma ido ba zai ga bambanci a waya ba. Wanda ke ƙauye da rezo sanda ɗaya zai gode muku, mega ɗinsa ma za ta yi auki.

2. A ba shi suna mai sauƙi: ƙananan baƙaƙe, babu tazara, a raba kalmomi da ɗan karan tsakiya. A jikin labari muna rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ yadda suke, amma a sunan fayil a bar su. A cikin adireshi, ƙ tana komawa %C6%99, ɗ tana komawa %C9%97, tazara kuma %20, kuma wajen kwafa ko ƙaura da shafi nan ne abin kan karye. Rubuta rakumi-ja.jpg ya fi lafiya.

3. A duba irin fayil ɗin. JPEG ya dace da hoton mutane da dabbobi, PNG da tambari ko takarda mai rubutu. WebP, da Google ya fitar a 2010, ya fi su rashin nauyi, kuma WordPress na karɓarsa tun 2021. Wayoyin iPhone tun 2017 suna ɗauka da HEIC, wanda yawancin manhajojin buɗe shafi ba sa nunawa. Wanga sai an juya shi JPEG tukuna.

4. A ɗora shi cikin ma'ajiyar hotunan shafin, wadda ake kira Médiathèque. WordPress zai ajiye shi a jakar wp-content/uploads, ya jera bisa shekara da wata, ya kuma rubuta adireshin da kansa.

5. A cike gurbin Texte alternatif da Hausa. In cigiya ce, a faɗi launi da shaida, ta yadda ko hoto bai zo ba mai karatu ya san abin da ake nema.

6. Bayan wallafawa, a buɗe labarin a wata waya daban, da layin wani kamfani daban in akwai. Abin da ya fito a kwamfutar ofis ba lallai ya fito a wayar jama'a ba.

Matsalolin da suka fi yawa da maganinsu

Hanyar gwaji mafi sauri ita ce a kwafi adireshin hoton shi kaɗai, a buɗe shi a Chrome ko wata manhaja irinta. Abin da ya fito shi zai nuna inda ciwon yake.

In lamba 404 ta fito, rumbun na cewa babu abu mai wanga suna a nan. A duba harafi bayan harafi. Yawancin rumbunan suna bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Bijimi.JPG da bijimi.jpg abu biyu ne a wurinsu. In sunan daidai ne, to wataƙila wani ya goge hoton daga ma'ajiya da nufin rage kaya, bai san tsohon labari na dogara da shi ba. Sai a sake ɗorawa, a sake zaɓarsa cikin labarin.

In 403 ce, hoton na nan amma an hana shiga. Ko izinin jakar ne ya sauya, wanda bisa al'ada 755 ne ga jaka, 644 ga fayil, ko kuma hoton na wani shafi ne da ya hana a jawo kayansa daga waje.

In hoton ya yi kwanaki yana fitowa sannan ya ɓace, a tambayi wanda ya sa shi daga ina ya ɗauko adireshin. Adireshin hotunan Facebook yana da wa'adi, in ya cika ba ya sake buɗewa. Hoton aro haka yake, ranar da mai shi ya ɗauke sai a bar ka da gurbi. A nemi izinin mai hoton, a sauke shi, a ɗora a rumbunmu.

In ma'aikacin da ya sa hoton ne kaɗai ke ganinsa, a duba ko adireshin ya fara da file ko da C: da makamantansu. Wannan kwatancen cikin kwamfutarsa ne, babu wanda zai iya bi daga waje.

In shafin na https ne amma adireshin hoton na http, manhajojin yanzu sukan gwada juya shi da kansu, in bai yiwu ba su ƙi nuna shi. A ƙara s ɗin a adireshin. Haka kuma in shafi ya sake suna, tsofaffin labarai za su ci gaba da nuna tsohon gida har sai an bi su an gyara.

In hoton ya ƙi ɗoruwa tun farko, ko ya wuce iyakar nauyin da rumbun ya yarda da shi, wadda ke rubuce a wurin ɗorawa, ko rezo ya yanke a tsakiya, ko wurin ajiyar da aka biya ya cika.

In babban hoto ya ɓace daga dukkan labarai lokaci guda, laifin zubin ne. A zubin WordPress da yawa, umarnin the_post_thumbnail ne ke sa babban hoto ya bayyana. Kuma duk gyaran da aka yi kai tsaye a cikin zubi yana gogewa ranar da aka sabunta shi, shi ya sa ake yin gyara a cikin abin da ake kira thème enfant. Kafin a taɓa zubi, a ajiye kwafinsa.

In an tura labari a WhatsApp ko Facebook ya tafi babu hoto, akwai layin og:image da zubin ke sakawa a kan shafi, na tsarin Open Graph da Facebook ya kawo a 2010. Girman da aka fi so shi ne 1200 a 630. In an gyara amma tsohon hoto na ta fitowa, Facebook na da wurin gwaji mai suna Sharing Debugger inda ake sa shi ya sake karanta shafin.

Abin da mai karatu zai gwada a wayarsa

Wani lokaci shafin lafiya lau yake. Opera Mini na da wurin kashe hotuna don tattalin mega, a duba ko an kashe. A sake loda shafin, ko a goge ajiyar wucin gadi ta manhajar. A duba kwanan wata da agogon waya, don in sun karkace, shafukan https sukan ƙi buɗewa. In maƙwabci mai wani layi yana ganin hoton, to matsalar daga rezo ce, sai a jira ko a matsa inda ya fi ƙarfi.

Ga masu aiko mana hotuna

WhatsApp yana matse hoto in an tura shi a matsayin hoto, kuma na uku ko na huɗu da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu yakan iso dishi-dishi. Ku aiko daga wayar da ta ɗauka. In dabba ce, a ɗauke ta da rana daga gefe, sannan a matso a ɗauki shaidar. Masu kiwo, ku ɗauki hoton dabbobinku tun suna gida ku ajiye, don ranar cigiya ba a samun na ɗauka.

Ku sani kuma, hoton da aka tura a matsayin takarda yana iya ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi. Irin wannan sai an goge bayanin kafin a ɗora. Hoton yaro, ko marar lafiya, ko mamaci, ba ma sa shi sai da yardar iyalinsa.

In kun ga hoton da bai fito ba, ku gaya mana abu uku: sunan labarin, irin wayarku da layin da kuke amfani da shi. In da hali ku haɗa da hoton fuskar wayar. Da waɗannan za mu san ko adireshi ne, ko rumbu, ko hanya, mu gyara tun mai cigiya bai gaji da jira ba. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya bayyana wa kowa abin da ya ɓace masa.